Autanmu yana son haɗa falsafa da tauhidin Katolika a jami'a, Baba ya ce sam

Saratu: Salama, 'yan zaure, sannunku da war haka. Shawara nake nema. Autanmu Yohanna ya gama sakandare, zai rubuta JAMB. Mu duk mun sa rai aikin lauya zai karanta a ABU Kongo, nan Zariya, sai ga shi makon jiya muna cin tuwon dare ya ce shi falsafa yake so, kuma ya haɗa ta da tauhidin Katolika. Na ce Fada kake son zama? Ya ce a'a, shi aure zai yi. Baba kuwa shekara 31 ya yi yana katikis kafin ya ajiye aiki. Da ya ji haka sai ya tsame hannu daga kwano, ya ce muddin yana numfashi ba za a karanta falsafa a gidansa ba, ita ce mai raba yaro da bangaskiya. Ni ce mai biyan kuɗin makaranta, albashin nas kuma kun san shi. Tambayata uku. Ana haɗa karatun nan biyu a ƙasar nan in ba a seminari ba? Da gaske tana ɓata bangaskiya? In ya gama, me zai ci?

Anti Talatu: Ta ukun ita ce tambaya 'yata, sauran biyun kwalliya ne. Ɗan maƙwabciyata a Hayin Dogo abin nan ya karanta. Yanzu POS yake yi a bakin kasuwar Samaru, ka je cire dubu biyar sai ya tsare ka da tambayar wai shi kuɗi mene ne ainihinsa 😂

Markus: Baba yana da gaskiya. A buɗe Kolosiyawa 2:8, Manzo Bulus ya ambaci falsafa da sunanta, ya ce a yi hankali kada wani ya kama mu da ita. Masunta Yesu ya kira a bakin tekun Galili, bai je Atina neman masana ba.

Malam Istifanus: Bari in sa baki, don ni ganau ne ba jiyau ba. Na yi ƙaramar seminari ta St Joseph a Basawa, na wuce babba, na gama falsafa, na yi shekara ɗaya a tauhidi, sannan na fita da ƙafata, ba wanda ya kore ni. Yau shekara 14 ina koyarwa a sakandare, ina da 'ya'ya uku, kuma ban daina zuwa Misa ba.

Saratu, abin da za ki fara gaya wa Baba, cikin ladabi: duk Fadan da ya taɓa miƙa masa Jibin Ubangiji sai da ya karanta falsafa. Ba son ransu ba ne, doka ce. Kundin dokokin Coci na 1983, doka ta 250, ta ce mai son zama Fada zai yi aƙalla shekara shida, biyu cikakku na falsafa, huɗu na tauhidi, kuma ta yarda a yi su bi da bi ko a haɗe. A nan Najeriya ma ƙari ake yi, falsafar kan kai shekara uku zuwa huɗu, ga shekarar renon ruhaniya, ga aikin gwaji a coci, shi ya sa yaro kan share shekara tara kafin a naɗa shi. Bishop Kukah nan Zariya ya yi ƙaramar seminari, ya tafi St Augustine a Jos ya yi falsafa da tauhidi, aka naɗa shi Fada a 1976. Ko Baba zai ce shi ma an raba shi da bangaskiya?

Dalilin dokar kuwa mai sauƙi ne. Duk Lahadi muna tashi tsaye mu ce Ɗa ainihinsu ɗaya da Uba. Kalmar da taron Nikiya ya sa a wurin nan a shekarar 325 ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, daga bakin masanan Girka aka ɗauko ta don a rufe wa Ariyus, mai musun hakan, hanya. Haka gurasar Misa. Ido ya ga gurasa, harshe ya ji gurasa, Coci ta ce ainihin abin ya sake, kamanninsa ne suka rage. Wannan bambanci tsakanin ainihin abu da siffofin da ke hawa kansa, da kayan aikin Aristotal Toma Akwinas ya bayyana shi. Wato Baba ya shekara 31 yana koyar da falsafa a ajin katikisim, ba a dai gaya masa sunanta ba.

Saratu: Malam, wannan ta ƙarshen kai za ka je ka faɗa masa da bakinka, ni ba ni da gidan komawa 😅

Malam Aminu T/Wada: Assalamu alaikum. Ni maƙwabci ne a wannan magana, amma Istifanus ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Abin da ya kira ainihi da siffa, mu a zaure jauhari da aradi muka karanta shi, gaban malaminmu a cikin birni. Duk wanda ya yi Ummul Barahin ta Shehu Sanusi ya san da me take buɗewa: hukuncin hankali kashi uku ne, wajibi, mustahili da ja'izi. Tun ba a kai ga siffofin Allah ba sai an zaunar da kai an koya maka abin da hankali ke wajabtawa da abin da yake korewa. To ashe tsarin ɗaya ne, a fara wasa wuƙa kafin a kawo nama.

Abu Hanan: Allah gafarta Malam, da sake. Magabata sun ce man tamanɗaƙa faƙad tazandaƙa, wanda ya shiga manɗiƙi ya shiga zindiƙanci. Ibnus Salah da Nawawi sun haramta shi. Imamul Gazali littafi guda ya rubuta don rushe 'yan falsafa. A nan ni da Markus bakinmu ɗaya, ko da yake ba wuri ɗaya muke ibada ba.

Malam Aminu T/Wada: Abu Hanan, ka kawo rabin baiti ka bar rabi. Littafin da ya ambaci haramcin Ibnus Salah da Nawawi, ai Sullam ne, littafin manɗiƙi, kuma mai shi shi ne mai Ahalarin da ka koyi alwala da shi. Ya kawo ra'ayi uku, ya rinjayar da na ukun: ya halatta ga mai cikakken hankali wanda ya laƙanci Alƙur'ani da sunna. Sharaɗi ya sa, bai toshe ƙofa ba.

Gazali kuma, wanda ya rasu a 1111, a littafin nan nasa, Tahafut, mas'ala 20 ya ɗauka, a uku kaɗai ya kafirta su: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jiki ranar alƙiyama. Amma kafin ya rushe su sai da ya zauna ya karance su har ya rubuta Maƙasid yana bayyana ra'ayinsu tiryan-tiryan. A gabatarwar Mustasfa kuma manɗiƙi ya sa, ya ce wanda bai san shi ba babu dogaro da iliminsa. Ibn Rushdi da ya mayar masa da martani alƙalin Malikiyya ne a Ƙurɗuba, shi ne mai Bidayatul Mujtahid da muka sha a Kongo.

Gardamar nan ma ta taɓa ƙasar Hausa. Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi kan manɗiƙi, Suyuɗi yana hanawa, Magili yana karewa. A gidan Shehu Usmanu kuma jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa ya yi rubutu a falsafa. Ba baƙuwa ba ce a gidanmu.

Abu Hanan: To shi yaro ɗan shekara 18 ya cika sharaɗin? A nan gizo ke saƙa.

Malam Aminu T/Wada: Wannan kam tambaya ce mai kyau, ban musa ba.

Markus: Ni dai na san mutum biyu da muka yi ƙungiyar mawaƙa tare, suka je suka karanta abin nan. Ɗaya yanzu ko ƙofar coci ba ya bi. A daina yi mana ado da sunayen mutanen da suka mutu shekara dubu.

Danladi (mai kula da zaure): Jama'a a ci gaba a hankali, kada kowa ya taɓa addinin wani. Wanda ya turo tallan atamfa a tsakiyar magana kuma na goge.

Fada Luka: Salama gare ku duka. Yanzu na fito daga taro na tarar da saƙo sama da 40. Markus, ba zan ce ƙarya kake yi ba. Ni ma na san irinsu, ajinmu ɗaya da wani. Tsoron Baba ba na jahilci ba ne, tsoho ne a cikin Coci. Tataliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, tun wajen shekara ta 200 yake tambaya me ya haɗa Atina da Urushalima. Shi kansa Akwinas da muke taƙama da shi, ya rasu a 1274, shekara uku bayan nan Bishop na Faris ya haramta ra'ayoyi 219, wasu sun shafi koyarwarsa. Sai a 1323 aka ayyana shi waliyyi.

Amma Bulus ɗin da ya rubuta wa Kolosiyawa shi ne a Ayyukan Manzanni sura 17 ya tsaya a Atina gaban Abikuriyawa da Sitokiyawa, ya jawo maganar mawaƙansu ya kafa hujja da ita. Abin da ya hana shi ne a kama ka. Wanda aka fi saurin kamawa kuwa shi ne wanda bai taɓa jin gardamar ba sai ranar da ya ci karo da ita a YouTube shi kaɗai da tsakar dare. Bitrus kuma ya ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, 1 Bitrus 3:15.

Abin da na lura da shi a shekarun nan: waɗanda suka fi faɗuwa su ne masu tsayawa a tsakiyar kogi. Shekarar farko da ta biyu na falsafa rushewa ake yi. Dekat ya sa ka shakkar hannunka, Hiyum ya ce ba ka taɓa ganin sababi da idonka ba, Nitshe ya ce tausayin Kirista dabarar raunana ce. Yaron da ya zo da tauhidin ajin katikisim na ɗan shekara 12, aka ba shi falsafar ɗan jami'a, dole ɗaya ta danne ɗaya. Shi ya sa ni haɗawar da Yohanna yake so ta fi kwanta mini a kan ya yi falsafa zalla. Paparoma John Paul na Biyu a wasiƙarsa ta 1998 ya kwatanta bangaskiya da hankali da fikafikai biyu. Shi da kansa malamin falsafa ne a jami'ar Lublin kafin ya zama Paparoma.

Malam Aminu, ga tsarabarka. Akwinas in ya ce "Mai Sharhi" kawai, Ibn Rushdi yake nufi, ya kuma ambaci Ibn Sina ba adadi. Hujjarsa ta uku cikin biyar kan samuwar Allah, ta mai yiwuwa da wajibi, za ka ji ƙamshin wajibul wujudi a cikinta. Akwai kuma Fada Joseph Kenny, ɗan ƙungiyar Katolika ta Dominikan daga Amurka da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Ibadan, digirinsa na uku a kan aƙidar Sanusin nan naku ya yi. Ya rasu a 2013.

Malam Aminu T/Wada: Ikon Allah. Fada, to shi Akwinas ya yarda hankali shi kaɗai zai tabbatar duniya tana da farko? Don mu da hujjar faruwar duniya muke tafiya.

Fada Luka: A nan ya rabu da Gazali. Ya ce samuwar Allah hankali yana kaiwa gare ta, amma cewa duniya ta fara a wani lokaci, wahayi ne ya gaya mana, hankali ba zai yanke ba ko ta wane ɓangare. Haka Triniti, ya ce kada ma a gwada tabbatar da shi da hujjar hankali, don kada a ba mutane abin dariya. Sanin iyakar nan shi ne rabin karatun.

Anti Talatu: Malamai an gaishe ku. Yarinya ta tambayi inda za a kai yaro da abin da zai ci, kun tafi Ƙurɗuba.

Rahila: Anti ta yi gaskiya, bari in sauko da mu ƙasa, tunda aikin jami'a nake yi. A Jamus jami'o'in gwamnati irin su Tubingen da Munsta suna da tsangayar tauhidin Katolika, ɗalibi na iya haɗa shi da falsafa ko ba zai zama Fada ba, mata ma suna yi. Haka Luben a Beljiyam. A nan tsarin daban ne. Jami'ar gwamnati nazarin addini take koyarwa, ba tauhidin wata ɗarika ba, kuma bambancin ba ƙarami ba ne: ɗaya yana kallon addini daga waje, ɗaya yana magana daga ciki. A ABU akwai sashen falsafa a Samaru, darasin addinin Kirista kuma yana tsangayar ilimi, na horar da malamai ne. Jami'ar Jos tana da sashen da ya haɗa addini da falsafa. In kuwa na Katolika tsantsa yake so, sai Veritas a Bwari, ta bishop-bishop ɗin Najeriya, ko wurin 'yan Dominikan a Ibadan, amma kuɗin makarantar kuɗi ne. Don digiri na gaba akwai CIWA, cibiyar Katolika ta Afirka ta Yamma, a Fatakwal. Kwalejin tauhidi ta Wusasa kuma ta Angilika ce, kada a rikita.

Shawarata, in aljihu ne matsala: ya yi falsafa a Samaru yana kwana a gida, a samo masa Fada ko wani mai ilimi da zai riƙa karanta tauhidi da shi a tsare, ba jefi-jefi ba, sannan ya yi tauhidin a digiri na biyu. Kafin ku cike fom ku duba kundin JAMB na bana da idonku, kada ku dogara da maganata.

Malam Istifanus: Batun ci kuma kada mu yaudari kowa. Ba a buga talla a ce ana neman masanin falsafa. Abokan karatuna da suka fita kamar ni, wasu koyarwa, wasu aikin jarida, wasu ƙungiyoyin sasanci da agaji, ɗaya ya koma ya yi lauya, ya ce bayan manɗiƙi shari'a ta zo masa da sauƙi. Ni sai da na ƙara difloma ta koyarwa kafin na samu aiki, na yi shekara biyu ina koyar da darasi gida-gida a Sabon Gari. Ya koyi wata sana'a a gefe tun yana aji ɗaya. Wannan ba raini ba ne, Manzo Bulus ma tanti yake ɗinkawa.

Saratu: Yohanna yana gefena yana karantawa tun ɗazu, ya ce in ba shi waya.

Ina gaishe da iyayena da yayyena. Ni ne Yohanna. Ba taurin kai ba ne. Lokacin da aka sace ɗaliban seminari huɗu a Kakau a Janairun 2020, aka sako uku aka kashe Michael Nnadi, ina ƙarami, ina yi wa Fada hidima a bagade. Kullum da dare muna yin rosari a gida domin a sako su. Da labari ya zo na tambayi Baba, in Allah mai iko duka ne kuma mai ƙauna, me ya sa ya bar wanda ya ba shi ransa, ɗan shekara 18? Baba ya ce in rufe bakina, ba a tambayar Allah. Na rufe, amma tambayar ba ta tafi ba. Yanzu shekaruna sun kai nasa. Ban daina gaskatawa ba, ina so ne in san ko tambayar tana da wurin zama a cikin Coci, ko sai na fita waje zan yi ta.

Anti Talatu: Kai ɗan nan. Na janye dariyar POS.

Fada Luka: Yohanna ɗana, tana da wurin zama, kuma a sahun gaba. Tsarin Akwinas a babban littafinsa shi ne kafin ya faɗi nasa sai ya jera hujjojin masu musu da ƙarfinsu. Da ya zo kan tambayar ko akwai Allah, hujjar musu ta farko da ya kawo ita ce taka: da akwai Allah mai nagarta marar iyaka, da ba a sami mugunta ba, ga shi kuwa akwai ta. Waliyyi ne ya rubuta wannan da hannunsa, ɗalibai suna karantawa sama da shekara 700.

Amsarsa gajeriya ce, daga Agustin ya ɗauko, mutumin Aljeriya ta yau: Allah ba zai bar mugunta ba sai don yana da ikon fitar da alheri daga cikinta. Zan gaya maka gaskiya, na binne mutanen da aka kashe a gona, ban taɓa faɗin wannan jimla a bakin kabari ba, ba ta da amfani a wurin. Abin da falsafa za ta yi maka shi ne ta nuna cewa samuwar mugunta ba ta kore samuwar Allah a hankalce ba, ta kuma koya maka gane amsar banza in an ba ka. Daga nan ta tsaya. Tauhidi ne zai kai ka wurin Ayuba, wanda abokansa uku suka zo da bayani mai tsari, a ƙarshe Allah ya ce su ne ba su faɗi daidai game da shi ba, mai kukan ne ya faɗa. Shi zai kai ka Zabura 22 a bakin Yesu a kan gicciye. Bishop ɗinmu na Zariya na yanzu shi ne shugaban seminarin Kakau lokacin da abin ya faru, kada ka zaci manya ba su yi tambayarka ba.

Kada kuma ka riƙe Baba a zuciya. Mai yiwuwa ranar nan shi ma ba shi da amsa, ga yaro yana kallon bakinsa.

Abu Hanan: Allah ya jiƙan waɗanda aka zalunta. Ƙanin mahaifina a hanyar Birnin Gwari aka kashe shi. Mu imani da ƙaddara ne ya riƙe mu, ba hujja ba. Har yanzu ina kan ra'ayina, amma na fahimci yaron.

Markus: Ni ma ban sauka ba. Sai dai in zai yi, Fada ya riƙe hannunsa da gaske, kada a bar shi da malaman aji kawai.

Malam Aminu T/Wada: Yohanna, in ka fara manɗiƙi ka zo Tudun Wada in nuna maka Sullam, ka ga yadda aka mayar da ƙiyasin Aristotal waƙa. Shayi a kaina.

Fada Luka: Saratu, Asabar bayan Misar safe zan biyo gida in gaishe da Baba. Istifanus, ka raka ni, amma maganar nan taka ta shekara 31 ka bar ta a Samaru.

Saratu: Fada, an riga ku. Yohanna ya karanta masa saƙonku jiya da dare. Bai ce komai ba, ya daɗe zaune a tsakar gida. Yau da asuba ya sa na ciro masa tsohon katikisim ɗinsa na Hausa daga akwatin ƙarfe, ya sa tabarau yana ta ja layi da jan biro. Ya ce ku zo, yana da tambaya bakwai, ta farko a kan kalmar nan ta Nikiya.

Anti Talatu: To madalla. In an gama tambaya bakwai ɗin a ƙara ta takwas, wa zai taya Saratu biya.